Maɓallin Da Ba Ma Taɓawa

Yau dai ba zancen kishiya zan yi ba, ba kuma na uwar miji ba. Zancen rimot ɗin talabijin zan yi, wannan da kullum yara suke rigima a kansa. Ki ɗauko naki ki duba da kyau. Ban da maɓallin kunnawa da na ƙara murya da na canza tasha, akwai waɗansu da tun ranar da aka sayo akwatin ba wanda ya taɓa danna su, har ƙura ta kwanta a gefensu. A cikinsu za ki ga ɗaya an rubuta CC a kansa, a wani rimot ɗin kuma SUB ko SUBTITLE ko TEXT. Aikinsa shi ne ya fito da rubutu a ƙasan allo, duk abin da mutanen cikin akwatin suke faɗa ya riƙa fitowa a rubuce, har da abin da ba magana ba, kamar a ce ana buga ƙofa ko jariri yana kuka. Domin kurame aka yi shi, kuma ba haka kawai aka ba su ba, sai da suka yi shekara fiye da hamsin suna nema.

Farkon silima a duniya ba ta da murya. Hoto ne kawai yake motsi, in an zo inda ake son a ji abin da jarumi ya ce sai a tsayar da hoton a nuna kati da rubutu, a karanta, sannan a ci gaba. A wancan zamani kurma da mai ji duk ɗaya suke a gidan silima, kuɗinsu ɗaya, abin da suke kwasa ɗaya. Har ma akwai kurame a cikin 'yan wasan, tunda aikin na fuska ne da hannu. To a shekarar 1927 aka fito da wani fim a Amurka mai suna The Jazz Singer wanda ake jin murya a cikinsa, kafin 'yan shekaru sai aka daina katin rubutu gaba ɗaya. Duniya ta yi ta murna an samu ci gaba, kurame kuwa aka rufe musu ƙofa ba tare da kowa ya lura ba.

Cikin waɗanda abin ya shafa akwai wani ɗan wasa kurma haifaffen ƙasar Kuba, Emerson Romero. Murya na shigowa aikinsa ya ƙare. A 1947 ya sayi waɗansu fina-finai da kuɗinsa, ya riƙa yanka zaren fim ɗin yana cusa katin rubutu a tsakani yana liƙewa, yana ba makarantu da ƙungiyoyin kurame haya. Aikin bai yi kyan gani ba, don yana yanke murya yana ƙara wa fim tsawo, amma shi ya nuna ana iyawa. A 1958 gwamnatin Amurka ta yi doka ta kafa wurin ba kurame aron fina-finai masu rubutu.

Na talabijin shi ne zai fi burge ki, uwargida. Shirin farko da aka watsa wa ƙasar Amurka da rubutu a ƙasan allo, a 1972, ba labaru ba ne, ba jawabin shugaban ƙasa ba ne, shirin girki ne. Sunansa The French Chef, wata mata Julia Child ce take koyar da abincin Faransa, wata tasha a birnin Boston take shirya shi. Ni kam na ga hikimar fara wa da girki. Ki kwatanta kina kallon mace ta ɗebi wani farin gari ta zuba a tukunya, ba ki ji ta ce gishiri ne ko sukari ba, ba ki ji cokali nawa ba, ba ki ji ta ce a rage wuta ba. Ai kin ga girki, amma ba ki koyi girki ba. Shekara ɗaya bayan haka, a 1973, aka fara maimaita labarun tashar ABC da rubutu, sai dai sai bayan awa biyar da masu ji suka ji, lokacin dare ya yi, saboda mutane ne suke zama su saurara su buga da hannu.

Wancan rubutu a fili yake, kowa ya kunna sai ya gan shi, masu tashoshi kuwa suna tsoron masu ji za su ce ya tsone musu ido su canza tasha. Daga nan aka shiga neman yadda za a ɓoye shi, mai so ya buɗe, wanda ba ya so ya bar shi a rufe. Dabarar da aka yi tana da ban sha'awa. Hoton tsohuwar talabijin layi-layi ake zana shi da sauri, irin ta Amurka layi 525, amma akwai waɗansu layuka a can sama da ba sa fitowa a allo, kamar bakin zani da ake sokewa a ƙugu ba a ganinsa. To kin san yadda iyayenmu suke ƙulle kuɗi a bakin zani. Haka aka yi, aka ƙulle rubutun a layi na 21, a 1976 hukumar sadarwar ƙasar ta ware wannan layi domin wannan aiki kaɗai. Ranar 16 ga Maris 1980 aka fara watsa shirye-shirye da ɓoyayyen rubutu. Amma kafin ki kwance ƙullin sai kin sayi wani ɗan akwati daban kin ɗora a kan talabijin, kuɗinsa wajen dala 250, wanda ba kowane gida ne zai iya ba. A 1982 aka fara sa rubutu a shirin kai tsaye, aka ɗauko irin masu buga bayanan kotu da sauri suna bin mai magana. Sai a 1990 aka yi dokar da ta ce daga watan Yulin 1993 duk talabijin da allonta ya kai inci 13 da za a sayar a Amurka dole a gina wannan na'ura a cikinta. Tun daga nan CC ya hau kan rimot.

Ingila ta bi tata hanyar. A 1974 BBC ta fito da wani abu da ake kira Ceefax, shafukan rubutu ne da ake buɗewa a talabijin a karanta labaru da sakamakon ƙwallo, in kuma aka danna shafi na 888 sai rubutun shirin da ake kallo ya fito. An rufe shi a 2012. Shi ya sa talabijin ɗin gwanjo da ake kawo mana daga Turai, waɗanda muke kira 'yan Beljiyam, suke zuwa da maɓallin TEXT, kuma waɗannan maɓallai huɗu, ja da kore da rawaya da shuɗi, da yara suke wasa da su, asalinsu na buɗe shafukan nan ne.

To mu fa? Mu tarihin kallonmu ta kunne ya bi tun farko. Zamanin Turawa da farkon mulkin kai, majigi ake kawowa ƙauyuka a mota, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba, a nuna irin su Baban Larai mai koyar da noman auduga, ga mai sharhi riƙe da lasifika yana bayani da Hausa. Ba wanda ya yi tunanin rubutu, tunda masu karatun boko a taron ba su taka kara sun karya ba. Talabijin ta zo Ibadan a 1959, ta zo Kaduna a 1962 zamanin Sardauna, a 1977 aka haɗe tashoshin a ƙarƙashin NTA. Iyayenmu suka sha dariyar Samanja da Karambana da Kuliya Manta Sabo, kuma duk daɗin wasannin nan a baki yake, Hausar barikin Samanja ce abin dariyar, wanda bai ji ta ba sai dai ya ga soja yana muzurai. Akwatunan sun zo da maɓallin, amma maɓalli famfo ne, in ba a sako ruwa daga can ba ko kin murɗa ba abin da zai zubo. Yawancin tashoshinmu ba su saba aiko ɓoyayyen rubutun ba.

Wuri ɗaya da na ga kurma ta yi daidai da mu shi ne fim ɗin Indiya na da. Shekara da shekaru muna kallonsu a kaset ba fassara, ba wadda take jin yarensu, fuska muke karantawa da hawaye da harara, mu gane wannan ce muguwar uwar miji, wancan ne ɗan talakan da za a hana mata. A wannan fage kurma ta fi mu ido nesa ba kusa ba. Na san wata baiwar Allah a nan Gayam, maƙwabciyar gidanmu tun muna yara, ba ta ji ba ta magana, amma in ana kallon Indiya ita take fara gane wanda zai ci amana, ta taɓa ki ta nuna shi da baki ta ja yatsa a wuya, kuma ƙarshen fim ya zo yadda ta ce. Da fim ɗin Hausa ya kankama, tun daga Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990, sai ta fara ja baya, don namu fina-finan zance ne a falo, mutum biyu a kan kujera minti goma suna magana, hannu ba ya motsi. Mu tuntsire da dariya, ita ta bi fuskokinmu da kallo, sai ta yi dariyar ita ma don kada a ce ba ta cikinmu. Wallahi wannan dariyar ta fi kuka ciwo.

Rubutu ya shigo fim ɗin Hausa sosai ne lokacin da aka fara nuna su a tauraron ɗan Adam, musamman da aka buɗe tashar Africa Magic Hausa a 2010. Sai dai da Turanci ake yi, domin Bayarabe da Inyamuri da sauran waɗanda ba sa jin Hausa, kuma kowa ya san irin Turancin da ake gani a waɗansu, har ya zama abin barkwanci. Wato an yi wa baƙo shimfiɗa, 'yar gida tana tsaye. A 'yan shekarun nan bayan 2010 kuma aka shiga ɗora muryar Hausa a kan fina-finan Indiya, irin fassarar Algaita, abin ya karɓu ƙwarai, ni ma ina kallo. Masu ji suka ƙaru, yanzu suna bin zance dalla-dalla suna dariyar ƙarin gishirin masu fassara. Ita kuwa kurma ko wannan fage guda da take gaba da mu an wuce ta a cikinsa.

Kada ki ɗauka kuramen ƙasar Hausa ba su da harshe. Suna da shi tun kaka da kakanni, maganar hannu, wadda wasu ke kira maganar bebaye, tana da kalmominta da ƙa'idarta, kuma a kasuwanninmu za ki ga masu ji da yawa suna iya taɓa ta, ana ciniki ana raha. A Kano har Sarkin Bebaye akwai. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna a Kano ta yi nazarin harshen, ta fito da littafi a kansa a shekarar 2000. Abin da ya yi ƙaranci shi ne makaranta. Wani baƙar fatar Amurka kurma, Andrew Foster, shi ya yi ta yawon buɗe makarantun kurame a Afirka, ya fara da Gana a 1957, ya buɗe ta Ibadan a 1960, kuma ta hannunsa alamun hannu irin na Amurka suka shigo makarantun Nijeriya. A Kano an buɗe makarantar Tudun Maliki a 1977. Saboda haka sai aka samu kashi biyu, kurman da ya yi makaranta yana da alamun makaranta da Turanci, wanda bai yi ba yana da maganar hannu ta gida. In kin ga mai fassara da hannu a ɗan lungun allo lokacin labarun NTA, da alamun makaranta yake yi, maƙwabciyata ta Gayam ba lalle ta kama rabinsa ba.

Su waye kuramen nan? Da yawansu ba haka aka haife su ba. Ƙyanda da sanƙarau da zazzaɓi mai zafi su suke tafiya da jin yaro. A 1996 an yi annobar sanƙarau a Arewa wadda ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe fiye da 11,000, cikin waɗanda suka tashi kuwa akwai waɗanda suka tashi ba ji. Yaran wancan lokaci yau manya ne, matan cikinsu suna ɗakin aure da 'ya'ya a gabansu. Ki ƙara da tsofaffinmu da jinsu ya yi nauyi, irin kakar da kullum take cewa a ƙara murya har maƙwabta su ji. Duk gidan da kika shiga da wuya ki rasa mai buƙatar rubutun nan.

Mu mutanen ƙasar Birnin Gwari abin ya wuce zancen fim. Shekarun da 'yan bindiga suka riƙe dajin nan, labari shi ne rai. A watan Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta hana hawa babur, an rufe kasuwannin mako, aka kuma yanke layukan waya a yankinmu na wajen wata biyu. Duk waɗannan a rediyo da talabijin aka faɗe su da baki. Mai ji ya ji ya kiyaye. Kurma ba ta jin sanarwa, ba ta jin ƙarar babura daga nesa, ba ta jin harbi, sai ta ga mutane suna gudu. Wadda ta iya karatu a cikinsu da saƙon waya take rayuwa, ranar da aka yanke layi an yanke mata baki da kunne gaba ɗaya. Makarantun kurame kuma a manyan birane suke, daga nan zuwa Kaduna tafiyar fiye da kilomita 100 ce a kan hanyar da aka yi shekaru ana tsoronta. Wace uwa ce za ta saki 'yarta da ba ta ji a wannan hanya? Ban ga laifin kowa ba. Amma sakamakon shi ne yarinya ta girma ba baƙi ba wasali, in ma an sa rubutun a allo zanen tururuwa ne a wurinta. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, abu ne mai kyau, amma doka ba ta shigowa tsakar gida ta koya wa yarinya a, ba, ca, sai ke da ni.

Yanzu ga yadda za ki gwada naki. In akwai CC ko SUB a rimot, ki danna sau ɗaya ki jira kaɗan, in ba ya nan ki shiga MENU ki nemi inda aka rubuta SUBTITLE ko CAPTION ki kunna. In da dikoda kike kallo, irin su StarTimes ko GOtv ko DStv, to a rimot ɗin dikodar za ki nema, ba na talabijin ba, nan ne mutane da yawa suke ruɗewa su ce akwatinsu ya lalace. Ki gwada tasha biyu ko uku, don wata tana aikowa wata ba ta aikowa, kada ki kai wa mai gyara ya ci kuɗinki a banza. In fim ne aka turo miki a filashi ko memori, rubutun sau da yawa wani ɗan fayil ne daban, ki ce wa mai turawa ya haɗa miki da shi, kuma sunansa ya zama iri ɗaya da na fim ɗin. A waya kuwa, in kina kallon YouTube ki taɓa hoton, za ki ga CC a sama. Tun 2009 suka sa na'ura tana sauraro tana rubutawa da kanta, da Turanci aka fara, kuma cikin injiniyoyin da suka yi aikin akwai kurma, Ken Harrenstien. Rubutun na'ura dai yakan yi kwamacala, bai kai na mutum ba.

Akwai wani labari daga Indiyar nan da muke so wanda na daɗe ina fata masu shirya fina-finanmu su ji. A 1996 wani malami a birnin Ahmedabad, Brij Kothari, ya kawo shawarar a riƙa rubuta waƙoƙin fim a ƙasan allo da yaren da ake rera su, ba fassara ba, kalma tana haske daidai lokacin da ake faɗinta. A 1999 aka fara a talabijin ɗin jihar Gujarat, daga baya aka kai shi tashar ƙasa. Manufarsa ba kurame kaɗai ba ce, har da waɗanda suka ɗan taɓa makaranta suka bari, karatunsu yana tangal-tangal. Mace ta riga ta haddace waƙa, idonta yana bin rubutun ko ba ta yi niyya ba, a hankali sai baƙi da wasali su zauna mata.

Ni wannan bai ba ni mamaki ba, don mun ga irinsa a nan. Mata nawa ne suka koyi karatun Hausa don kawai su karanta littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da kansu, su huta da roƙon ƙanwa ta karanta musu? Ni kaina akwai masu aiko min da saƙo su ce a littafin soyayya suka gyara karatunsu bayan an cire su daga makaranta an yi musu aure. To fim ya fi littafi shiga gidaje yanzu. Da masu shirya fim da masu dogon zango za su riƙa sa Hausa a ƙarƙashin Hausa, ba Turanci kaɗai ba, kurmar da ta yi ko aji uku za ta bi labari tare da kowa, kaka za ta daina cewa a ƙara murya, amaryar da karatunta ya tsaya a firamare za ta riƙa bita kullum da daddare. Labarin ma a rubuce yake a hannunsu tun kafin a ɗauki hoto, mai bugawa kawai za su ɗauka ya daidaita shi da bakin 'yan wasa, ya kuma kula da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, kada a rubuta kasa a inda ake nufin ƙasa.